Ni da Gemuna: Tsakanin Reza, Hoda da Allura

Ni mace ce da aka haifa da jikin namiji, kuma a cikin duk abin da na yi fama da shi tun da na fara rayuwa a matsayin da na san shi ne nawa, babu wanda ya cinye mini lokaci da natsuwa kamar gashin fuskata. Mutane sukan zaci murya ko tsayi ko faɗin kafaɗa ne suka fi damun irinmu, kuma ba zan musa ba, kowanne da nasa nauyin. Sai dai murya tana jira sai na buɗe baki, kafaɗa kuma tufafi suna rufe ta, amma gemu ba ya jiran kowa, ina barci yana tsirowa, ina tsaye ina magana da mutum yana tsirowa. Harshenmu ma bai bar wa mai magana wurin laɓewa ba, domin duk wanda zai yi mini magana dole ne ya zaɓi ɗaya tsakanin "ka" da "ki" tun daga kalmar farko, kuma na daɗe da lura cewa kafin ya zaɓa, idonsa yakan fara sauka a kan haɓata.

Ina da shekara 15 gashin baki ya fara yi mini duhu, kafin in cika 20 kuwa saje ya haɗe da gemu, gemu ya gangara har ƙasan maƙogwaro. A lokacin ban san abin da yake faruwa a cikin fatata ba, sai daga baya likita ta yi mini bayani. Kowane mutum, mace ko namiji, yana da gashi a fuska, siriri ne mai laushi wanda da ƙyar ake ganinsa. Idan balaga ta zo, sinadarin testosteron yakan shiga saiwar wannan siririn gashi ya buɗa ta, ya zurfafa ta, sai gashin ya koma mai kauri da baƙi. Abin da ya fi yi mini ciwo a bayanin shi ne cewa saiwar da ta riga ta buɗe ba ta komawa yadda take don an rage sinadarin daga baya. Da na san haka da wuri, da ban ɓata shekaru ina jiran wani magani ya share mini fuska ba.

Reza ce abokiyata ta farko, kuma na wulaƙanta fuskata da ita iya wulaƙanci. Nakan yi aski da asuba, in bi gashin ta inda ya kwanta, sannan in sake bi ta inda ya saba, sannan in ja fatar da yatsu in sake kankarewa har sai na ji babu ƙaya ko ɗaya a ƙarƙashin tafin hannuna. Gashin gemu yana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin uku na milimita a rana, abin da ba a bakin komai yake ba idan an faɗe shi da baki, amma a fuskar da ake so ta yi sumul, wannan ɗan tsiron ya isa ya tona asiri kafin rana ta faɗi. Ƙarfe huɗu na yamma ta zama mini abin tsoro. Da ta gabato sai in ji hannuna yana kai kansa ga muƙamuƙina, in na ji kaushi kuwa sai hankalina ya bar duk aikin da nake yi. Na ɗauki shekara biyu ina yawo da reza a cikin jaka, in shiga banɗakin wurin aiki in kulle, in kankare leɓen sama da haɓa a bushe ba ruwa ba kumfa, in danna ɗan tsumma a kan wuraren da suka yi jini, sannan in shafe da hoda in fito ina murmushi kamar ba abin da ya faru.

A nan ya kamata in wanke reza daga laifin da ba nata ba, domin ni ma na daɗe ina zarginta da shi. Aski ba ya ƙara wa gashi kauri ko yawa ko saurin fitowa, kuma tun a 1928 wata masaniyar jikin ɗan Adam mai suna Mildred Trotter ta auna ta tabbatar da haka a Amurka. Abin da yake faruwa shi ne reza tana yanke gashin a wurin da ya fi kauri, ta bar masa baki mai faɗi maimakon siririn tsinin da yake fitowa da shi, shi ya sa hannu yake jin kamar ya ƙara ƙarfi. Laifin reza na gaskiya daban ne, kuma ya fi kama masu nannaɗaɗɗen gashi irin nawa. Idan aka yanke irin wannan gashi ƙasa da bakin fata, yakan lanƙwasa yana tsirowa ya soki fatar daga ciki ko ya fito ya juya ya koma, sai jiki ya ɗauke shi baƙon abu, wurin ya kumbura ya zama ƙurji. Kowane ƙurji kuma, a baƙar fata, yana warkewa ne ya bar baƙin tabo da zai yi watanni kafin ya dushe. Wuyana ya cika da su, har ya zama ko na aske gashin tas, tabon da ya bari yana zana wa mai kallo iyakar gemun kamar an bi da alƙalami.

Da na gaji da aski sai na koma tsigewa. Nakan zauna da dare a gaban madubi da matsefata, fitila a kusa da kuncina, in ta cire su ɗaya bayan ɗaya har wuyana ya ƙage, ina lissafin cewa wanda aka tumɓuke daga saiwa ai zai daɗe bai dawo ba. Yana daɗewa kam, amma idan zai dawo sai ya tarar da hanyarsa ta toshe, ya naɗe a ƙarƙashin fata, in bi shi da tsinin allura in tono, tabo ya hau kan tabo. Daga nan na gwada man cire gashi, wanda ake shafawa a bari na ’yan mintoci a goge. Sinadarin da ke cikinsa yana narkar da keratin, wato abin da aka gina gashi da shi, kuma ban tsaya na yi tunanin cewa da keratin ɗin aka gina saman fata ba. A jikin kwalin an rubuta kada a wuce minti 10, kuma kada a shafa a fatar da ta yi rauni. Ni kuwa na shafa shi a fuskar da na aske da safe, na bar shi minti 20 saboda na raina ƙarfinsa a kan gashi mai kauri irin nawa, ina jin raɗaɗi ina cewa alamar yana aiki ne. Da na goge, fatar haɓata ta biyo tsumman.

Yayata ce ta tarar da ni a wannan hali, kuma ita kaɗai ce a lokacin ta san gaskiyar abin da nake ciki. Ta kama haɓata ta juya ta wajen haske, ta daɗe tana dubawa ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Ƙanwata, garin neman gira za ki rasa ido. Gashin nan ko ba daɗe ko ba jima za a san yadda aka yi da shi, amma fatar nan idan kika kashe ta, wace za ki saka?" Na ce, "Yaya, ba ki san yadda nake ji ba idan na taɓa na ji shi." Ta ce ba ta sani ba, amma ta san ƙuna idan ta gan ta. Kwana goma na yi ban sa reza ba, ban shafa komai ba sai man da ke sanyaya ƙuna, gemun ya fito son ransa a kan ɓawon ciwo, ban kuma leƙa ko ƙofa ba.

Ita ce kuma ta koya mini ɓoyewa, bayan na yi shekaru ina yin ta a karkace. Ni a da abin da na sani shi ne a lafta hoda mai kauri, in bai rufe ba a ƙara. Sakamakon kuwa shi ne ƙasan fuskata yakan yi toka-toka kamar wadda ta kifa a murhu, saman kuma ya zauna da launinsa, ga hodar tana tsattsagewa a gefen baki da zarar na yi dariya. Yaya ta nuna mini cewa abin da ake gani bayan aski inuwar gashin da ke kwance a cikin fata ce, kuma wannan inuwar tana da launi, ga mai hasken fata tana ɗaukar shuɗi-shuɗi, ga mai duhu kuma tana komawa ruwan toka. Launi kuwa da launi ake kashe shi kafin a rufe. Ta ɗauko jan bakinta mai ruwan goro, ta ɗiga ɗigo biyar a leɓena na sama da haɓa da layin muƙamuƙi, ta riƙa dannawa da kan yatsarta a hankali ba tare da ta murza ba, har fuskata ta yi ja kamar an mare ni. Na ce mata ta ɓata ni. Ta ce in yi shiru. Ta bar shi ya sha iska, ta bi da ’yar busasshiyar hoda don ya zauna, sannan ta ɗauko hodar ruwa daidai launin fatata ta riƙa ɗorawa da danshin soso, dannawa kawai, siririn shafi ɗaya, ta ƙara na biyu a inda ya buƙata kaɗai. Da ta miƙo mini madubi, na nemi iyakar gemun na rasa, kuma abin da ta shafa bai kai rabin wanda na saba laftawa ba. Daga baya na sayi wanda aka yi musamman don wannan aiki, na kuma gane cewa gwargwadon duhun fata gwargwadon yadda ruwan goron zai karkata zuwa ja.

Tare da haka na sauya yadda nake aski. Na daina yi a bushe, na koma yi bayan wanka da ruwan ɗumi lokacin da gashin ya sha ruwa ya yi laushi, da reza mai kaifi wadda ba ta daɗe ba, ina bin inda gashin ya kwanta, ba na jan fata, ba na komawa wuri ɗaya fiye da sau biyu. Askin bai kai na da sumul ba, amma ƙurajen suka ragu, kuma fata lafiyayya mai ɗan tsiro ta fi karɓar kwalliya a kan fatar da aka kankare ta kumbura. Duk da haka kwalliya aro ce, ana wanke ta da dare, kuma tana rufe launi ne kawai, ba ta rufe kaushi. Idan haske ya bugi fuska daga gefe, ko wani ya matso kusa, tsiron yana nan.

Ina da shekara 27 na fara shan magungunan sauya sinadaran jiki a hannun likita, estrojin, wato sinadarin da ya fi yawa a jikin mata, da kuma sipironolakton mai danne aikin testosteron, wanda ake binsa da gwajin jini lokaci zuwa lokaci saboda yana iya ɗaga sinadarin fotasiyam. Tun ranar farko na tambaye ta yaushe gemun zai zube. Ta ajiye alƙalaminta ta ce mini kada in sa rai da haka, gashin ƙirji da na hannu da na ƙafa zai yi laushi ya ragu, za a fara ganin alama bayan wata 6 zuwa 12, kuma sai an haura shekara 3 kafin ya kai iyakarsa, amma na fuska sai dai ya rage sauri kaɗan. Haka kuwa aka yi. Abin da na samu shi ne ƙarfe huɗun da nake tsoro ta matsa ta koma ƙarfe bakwai. Ta kuma rubuta mini wani man shafawa mai suna eflonitin, wanda aka amince da shi a Amurka a shekarar 2000 don rage gashin fuskar mata. Na yi mamaki da na ji cewa an riga an yi amfani da wannan sinadari wajen maganin ciwon barci, wanda ƙudan tsando yake yaɗawa, har aka gano yana rage saurin tsiron gashi. Sau biyu ake shafa shi a rana, ba ya cire ko ƙwaya ɗaya, jinkirta su kawai yake yi, kuma idan aka daina, cikin kamar mako 8 komai ya koma yadda yake. Na yi amfani da shi na wani lokaci na bari, domin ni a lokacin ba jinkiri nake nema ba.

Leza, wato na’urar da ke harba haske mai ƙarfi a kan fata, ita ce ta fara rage mini nauyin da gaske, amma sai da ta fara ƙona ni. Yadda take aiki shi ne haskenta yana neman melanin, wato sinadarin da ke sa gashi baƙi, gashin ya tsotsi hasken ya mayar da shi zafi, zafin ya gangara ya lalata saiwar. Wasu masana biyu, Rox Anderson da John Parrish, su suka shimfiɗa wannan ƙa’ida a 1983. Matsalar irina a bayyane take: melanin ɗin da ke cikin gashina shi ne a cikin fatata, kuma haske ba ya tambayar wanne aka aike shi ya ƙona. Wurin farko da na je, arha ce ta ja ni. Ba a tambaye ni komai game da fatata ba, ba a gwada a wani ɗan wuri an jira an gani ba, aka kwantar da ni aka bi fuskar gaba ɗaya. Washegari kumatuna suka tashi da ƙananan bororo a jere, kowanne da siffar bakin na’urar, suka warke suka bar mini zane mai duhu da ya yi kusan wata takwas. Da na koma na nuna, aka ce mini haka take yi wa kowa. Ba haka take yi wa kowa ba.

A wuri na biyu, kafin a taɓa ni sai da aka duba matakin fatata a ma’aunin da likitan fata Thomas Fitzpatrick ya fara fitarwa a 1975, wanda yanzu yake da matakai 6 daga mafi haske zuwa mafi duhu, aka sa ni a na biyar. Aka bayyana mini cewa na’urar Alexandrite, mai tsawon zangon haske nanomita 755, ta fi dacewa da masu hasken fata saboda melanin yana tsotsar haskenta sosai, ni kuwa wadda ta dace da ni ita ce Nd:YAG mai nanomita 1064, domin haskenta yana ratsa saman fata ba tare da ya tsaya sosai ba, ya sauka can inda saiwar take. Aka gwada a ƙarƙashin kunnena aka ce in dawo bayan ’yan kwanaki. Aka kuma kafa mini sharuɗɗa: in aske kafin in zo, in daina tsigewa ko cirewa da kaki ko zare gaba ɗaya tunda leza tana buƙatar gashin yana cikin raminsa, in kuma guji rana in riƙa shafa man kariya daga ita. Kowane harbi kamar a ja roba ne a sake ta a kan fata, a leɓen sama kuwa har hawaye yake sa ni, ga ƙaurin gashi da ke cika ɗakin. Bayan kamar mako biyu sai na ga abin da ban taɓa gani ba: ina wanke fuska, gashin yana zamewa yana fita da kansa a tafin hannuna, ƙananan baƙaƙen tsinke ba tare da an ja su ba. Na yi kwana goma sha biyu cur ban nemi reza ba.

Murnata ba ta daɗe ba, domin ya dawo, kuma an riga an faɗa mini zai dawo. Gashi ba ya tsirowa duka a lokaci guda, wani yana cikin girma, wani ya tsaya, wani yana hutawa a ƙarƙashin fata, kuma leza tana cin wanda ta samu yana cikin girma ne. Shi ya sa ake komawa duk bayan mako 4 zuwa 6 ana kama sabon rukuni. Sau goma sha biyu na kwanta a kan gadon nan cikin shekara ɗaya da rabi. Kumatu da wuya suka kusa wankewa, ƙurajen aski suka ɓace kusan gaba ɗaya, wanda wannan kaɗai ma ya isa riba. Amma leɓen sama da tsakiyar haɓa suka yi taurin kai, sannan ga furfura da ta fara fito mini da wuri, wadda leza ba ta ganinta sam tunda babu melanin a cikinta. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ma ba ta yarda a ce leza tana kawar da gashi har abada ba, abin da ta yarda a faɗa shi ne tana rage shi ragi mai ɗorewa. Hanyar da aka yarda a kira mai kawarwa dindindin ita ce allurar lantarki.

Wannan hanya ta girmi cire gashi da leza da fiye da shekara ɗari. Wani likitan ido mai suna Charles Michel ne a birnin St. Louis na Amurka ya bayyana ta a 1875, yana neman yadda zai raba majinyatansa da gashin ido da ke lanƙwasawa yana sukar ƙwayar ido. Ana zura wata siririyar allura ne a cikin ramin gashin, ta bi gefensa har ƙasa ba tare da ta huda fata ba, sannan a saki wutar lantarki kaɗan. Akwai irin wutar da ke haɗuwa da ruwa da gishirin da ke cikin ramin ta haifar da soda mai ci, irin wadda ake haɗa sabulu da ita, ta cinye saiwar. Akwai wadda zafi take haifarwa ta dafa saiwar nan take, akwai kuma wadda ta haɗa biyun. Ba ruwanta da launin gashi ko na fata. Aibinta ɗaya ne, ƙwaya ɗaya-ɗaya take bi, shi ya sa wadda ta fara da cikakken gemu ba tare da leza ba takan haura sa’o’i ɗari kafin ta gama.

Matar da ta yi mini wannan aiki ta girme ni da shekaru masu yawa, Anti nake ce mata, kuma tun ranar da na fara shiga ɗakinta ba ta taɓa yin tuntuɓe a kan "ki" ba, alhali kuwa babu wanda ya taɓa ganin gemuna kusa kamar ita. A nan ne wahalar da ta fi kowace take. Allura tana buƙatar gashin ya fito yadda matsefata za ta iya kama shi, wato sai na yi kwana biyu ko uku ban aske ba kafin kowane zama. Ni da na yi shekaru ina gudun tsiron yini ɗaya, sai ga shi an ce in reni na kwana uku da hannuna, in fito da shi waje, in kai shi inda za a kashe shi. Hoda ba ta rufe tsiron kwana uku. Nakan tsara zaman ya faɗo bayan ranakun hutu, in rufe rabin fuskata da takunkumi a hanya, in sunkuyar da kai, kuma duk da haka akwai ranar da wani ya leƙa fuskata ya kira ni da abin da na fi ƙi, na isa wurin Anti idona ya yi ja. Ba ta tambaye ni abin da ya faru ba. Ta ce, "Kwanta, ƙanwata. Waɗannan da kika kawo yau ba za ki koma da su ba."

Sa’a guda kafin zama nakan shafa man kashe zafi mai lidoken in rufe da siririyar leda don ya shiga. Sai in kwanta, ta jawo fitila da gilashin ƙara girma a kan fuskata, in rufe ido. Ina jin sanyin yatsunta tana miƙe fatar, sai ɗan ƙarar na’ura, sai wani zafi kamar cizon tururuwa, sannan matsefata ta ɗauke gashin. Ita ta koya mini yadda zan gane aiki mai kyau: idan an kashe saiwar, gashin yakan zame ya fito ba tare da na ji an ja ba, idan kuwa na ji fizga, to tsigewa aka yi, kuma zai dawo. Takan ajiye waɗanda ta cire a kan farin auduga, wani lokaci ta nuna mini ɗaya da ’yar farar jakarsa a gindi. Tsakiyar leɓen sama, daidai ƙarƙashin hanci, shi ne wurin da ban taɓa sabawa da shi ba, atishawa da hawaye suke zuwa tare, takan bar shi sai ƙarshen zama ta yi minti biyar ta tsaya. Bayan an gama leɓen yakan kumbura, a hana ni kwalliya har kwana guda, ƙananan ɓawo su fito waɗanda ta gargaɗe ni kada in kuskura in ɓamɓare su. A wannan karon na ji magana. Na rubuta kowane zama a bayan wani littafi, kuma da na tara lissafin a ƙarshen shekara ta biyu, sa’o’i 64 ne, daga zaman sa’a biyu kowane mako har ya koma na minti 20 a wata.

Yanzu shekarata 33. Tabon ƙunar man cire gashi yana nan a gefen haɓata na hagu, ɗan wuri mai sheƙi kamar girman farce, haka ma wasu ramuka uku da na haƙa da tsinin allura a shekarun tsigewa, waɗannan babu na’urar da ta goge su. Baƙaƙen tabon wuya sun dushe a hankali da man kariya daga rana da kuma barin su su huta. Jan bakin nan mai ruwan goro da Yaya ta bar mini ya bushe a cikin akwati, na daina buƙatarsa. Duk bayan wata uku ko huɗu wasu fararen ƙwayoyi biyar ko shida sukan leƙo a ƙarƙashin haɓa, in bar su su yi tsawo ba tare da na fasa fita ko’ina ba, in kai wa Anti ta ɗauke su kafin mu gama gaisawa. Hannuna dai har yau yakan tashi da kansa wajen ƙarfe huɗu ya shafa muƙamuƙina, kuma a makon jiya Yaya ta kama ni ina yi, ta buge hannun ta ce, "Me kike nema a wurin?"